Baba Yamusa da Farar Ƙasar Kufan Tsauni

Kafin tifa ta farko ta fito daga ramin fasa dutse a Mpape, Baba Yamusa ya riga ya sallame asuba, ya rataya gorar ruwa, ya ɗauki lauje da sanda, ya kama hanyar tudu. Hawan rabin awa ne ga mai ƙafa, amma shi yanzu yakan ci masa awa guda, don gwiwa ta fara yi masa gardama. A gindin tudun yakan tsaya wurin Mama Janet mai abinci, wadda a lokacin take hura wuta. Ta miƙa masa kunu a kofin silba, su yi gaisuwar da suka fi shekara ashirin suna yi ba ta canza ba.

"Baba, za ka wajen mutanenka?"

"Zan je, Mama Janet. Su ai ba sa zuwa wajena."

Mutanen nasa kusheyi ne. A saman tudun da ake kira Kufan Tsauni akwai tulin ƙasa da duwatsu, wani ya kai ƙugun mutum, wani ya kai kafaɗa, kowane an kewaye gindinsa da manyan duwatsu. A ƙarƙashin kowane tuli akwai mutum kwance, da tukwanensa da duwatsun wuyansa. Ba wanda ya san sunansu, ba wanda ya san yarensu. Dattawan Gbagyi na yankin sun ce kakannin kakanninsu ma a haka suka tarar da wurin, suka kuma bar shi a haka. Baba Yamusa ne mai gadinsu shekara ashirin da shida, kuma ƙarshen watan jiya ya ajiye aiki. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, don na san in ban rubuta ba, babu gidan rediyon da zai ambace shi.

Idan ya kai saman, yakan yi gyaran murya kamar mai shiga gidan da akwai manya. Daga nan ya bi tulin ɗaya bayan ɗaya, ta gefe, bai taɓa taka ko ɗaya ba. Ciyawa da lauje yake yanke ta, ba ya tugewa, ya ce saiwarta ce ke riƙe ƙasar. In ruwan sama ya tone bakin wata tukunya, sai ya ɗebo ƙasa da tafin hannu ya rufe ta, ya aika wa ofis. Kafin rani ya yi nisa yakan share faɗin taku goma kewaye da wurin, saboda wutar masu farautar gafiya.

Ɗan Keffi ne. Shekara tara ya yi yana masinja a wani ofishin gwamnati a can, kafin a turo shi nan lokacin da Abuja ba ta wuce 'yan gine-gine a tsakiyar daji ba. Ka zauna da shi ka taɓo masa zancen wancan zamani, sai ka ga idonsa ya yi haske. Mpape 'yan bukkoki ne da gonakin doya. Birai na zama a kan duwatsu suna kallonsa yana cin rogo, zabin daji na ratsa hanya ba sa ko sauri. Akwai wata ƙorama a bayan tudun da ruwanta ke da sanyi har cikin bazara. Daga sama in ya duba kudu, sai kore har iyakar gani, da ɗan ƙyallin kwano can nesa. Ya ce a lokacin in ya yi tari sai ya ji dutse ya mayar masa. Yana kewar wannan shirun, kuma ba ya ɓoyewa.

An sha yi masa ba'a. A masallaci wani ya taɓa ce masa, "Malam Yamusa, kai da sallarka da azuminka, ka ƙare a gadin kabarin waɗanda ba su san alƙibla ba?" Bai yi fushi ba. Ya ce, "Allah ne ya halicce su, shi ya san hisabinsu. Ni dai na san wani ya yi kuka ran da aka binne su, ya kuma ɗauko dutse a ka ya hau tudun nan da shi. Ka taɓa hawa da dutse?" Mutumin bai taɓa hawa ko da hannu rabbana ba, sai zancen ya mutu.

Mama Janet kuma ta ba ni labarin wasu mutum uku da suka zo da rana tsaka da diga da buhu, masu tonon kayan tarihi don sayar wa baƙi. Ta ce da irin Hausarta ta Abuja, "Wallahi Baba bai ɗaga sanda ba. Ya zauna kawai a kan hanya, ya ce ku fara tone ni. Mutanen ya tsaya, ya tsaya, ya gaji, ya tafi."

To, sai mulki ya dawo hannun farar hula, kuɗin mai ya shigo, Abuja ta kama gini kamar an yi mata allura. Kowa na son gida, kowane gida na son tsakuwa, tsakuwa kuwa a Mpape take. Tifofi suka yi layi, nakiya ta riƙa tashi ana azahar har kwanukan Mama Janet su yi ƙara a kan tebur. Birai suka gudu, ƙorama ta koma kwata. Wata rana aka wayi gari an kafa turaku masu jan fenti a gindin Kufan Tsauni: an ba wani kamfanin fasa dutse fili, kuma tudun gaba ɗaya ya faɗa ciki. Kusheyi goma sha bakwai ne a lokacin, kuma duk a takarda sunansu dutse.

Jami'ar da ke kula da wurin daga ofis ita ce Hajiya Sa'adiya, mai binciken kayan tarihi, mace mai naci. Wata takwas tana yawo da fayil daga tebur zuwa tebur, har aka yarda a turo kwamiti ya gani da ido. In kwamitin ya gamsu, za a sa wurin cikin wuraren tarihi da doka ta kare, kamfani ya ja baya. In bai gamsu ba, shi ke nan. Ta aika wa Baba Yamusa saƙo a gajarce: "Manya za su zo ran Laraba. A shirya."

A shirya! Ai kuwa ta faɗa wa wanda ya san shiri. Duk wanda ya yi aikin gwamnati a zamanin da Baba Yamusa ya yi masinja ya san abin da ake yi in babban baƙo zai zo. Ana share fili, a jera duwatsu a bakin hanya, a kwaɓa farar ƙasa a shafa musu, a shafa wa gindin itatuwa har gwiwa. Ofishin da bai yi haka ba ya raina baƙo. Shekara tara hannunsa na yin wannan aiki, kuma ba a taɓa cewa ya yi ba daidai ba. Ya dubi duwatsun kusheyin nan, sun yi baƙi, gansakuka ta rufe su, ya ji kunya ta kama shi a madadin mutanensa. Ya za a yi manya su zo su same su a haka?

Ya sayo farar ƙasa da aljihunsa. Kwana uku yana hawa da bokiti. Ya kankare gansakukar, ya shafe kowane dutse na kowane tuli, ya aske ciyawa ƙwal, ya share wurin har ana ganin sawun tsintsiya, ya jera ƙananan duwatsu farare tun daga gindin tudu har sama. Ranar Laraba ya sa kakinsa da ya sha guga, ya tsaya a ƙame. Tun da aka binne mutanen nan ba su taɓa yin kyau irin na ranar ba, haka ya gaya wa Mama Janet.

Kwamitin ya hau yana haki, shugabansu Dokta Nuraddeen a gaba. Shi kuwa mutum ne da ya sha zama a kwamitocin biyan diyya, ya ga yadda a wasu wurare ake tara ƙasa cikin mako guda a ce kabarin kaka ne, don a samu abin da za a samu. Da ya kai sama ya tsaya, ya cire tabarau. Ya dangwali wani dutse, farin ya biyo yatsarsa. Ya juya ga Hajiya Sa'adiya ya yi magana da Turanci, sauran suka yi dariya. Abin da ya ce shi ne, wannan tarihin ko bushewa bai gama yi ba.

Baba Yamusa ba ya jin Turanci sosai. Ya ga an yi dariya, ya ga an nuna aikinsa, sai ya ɗauka yabo ne. Ya ƙame ya sara musu. Minti goma ba su cika ba suka sauka.

Hajiya Sa'adiya ta raka su mota ta sake hawowa ita kaɗai. Ta same shi yana murmushi.

"Hajiya, sun ji daɗi ko?"

Ta dubi fararen duwatsun. Sannan ta ce, "Baba, me ka yi?"

"Shiri, Hajiya. Kin ce a shirya."

"Baƙin nan da ka kankare, shi ne shaidarmu. Shi ke nuna sun daɗe. Yanzu sun ce mutanen gari ne suka tara duwatsu jiya-jiya don neman diyya."

Ya zauna a ƙasa da kakin gugar nan, ya dubi fararen tulin goma sha bakwai, ya rasa inda zai sa idonsa. Kusan shekara ashirin yana kore musu ɓarayi da wuta da awaki, ashe shi ne zai ba da su, da bokiti da tsintsiya.

Hajiya Sa'adiya ta ji tausayinsa. Ta ce za ta rubuta cewa wasu da ba a san ko su wane ne ba suka yi shafen, don kada a taɓa aikinsa, saura masa 'yan shekaru ya samu fansho. Nan fa Baba Yamusa ya nuna ko shi wane ne. Ya ce, "A'a, 'yata. In kika rubuta haka, kin tabbatar musu mutanen gari ne, kin ɗora wa bayin Allah sharri, kusheyin kuma sun tafi. Ki rubuta Yamusa ne. In kora ce a kore ni."

Bai tsaya a takarda ba. Washegari ya shiga motar haya zuwa cikin gari, ya nemi ofishin Dokta Nuraddeen, ya zauna a bencin baƙi. Aka ce oga yana taro. Ya dawo washegari, aka ce oga ya yi tafiya. Kwana tara yana zuwa, har masu shara suka fara gaishe shi da suna. A rana ta tara ya tare mutumin a bakin mota, ya cire hula.

"Ranka ya daɗe, ni ne na shafa farar ƙasar nan. Ba mutanen gari ba, ba Hajiya ba. A inda na koyi aiki, haka ake girmama baƙo. Ku na so in girmama, su kuma na so in fitar da su kunya. Jahilcina ne. Ku hukunta ni, amma ku sake hawa sau ɗaya."

Dokta Nuraddeen ya dube shi tun daga sama har ƙasa. Shi ma ɗan makarantar zamanin da ne, shi ma ya taɓa shafa wa duwatsun makarantarsu farar ƙasa ran da mai duba makarantu zai zo, ya faɗa da bakinsa daga baya. Ya ce, "Baba, na ba ka mako uku. Ka mayar da su yadda suke, a kuma tona mana gefen ɗaya mu gani. Amma ba ni da ikon tsayar da kamfani kafin nan."

Kamfani kuwa bai jira ba, don takardarsa na hannunsa. Ta gabas suka fara ci. Baba Yamusa yana saman tudu yana wanke dutse da soso da ruwa, don Hajiya ta hana a sa ƙarfe, yana jin katafila tana matsowa. Ruwa kuma sai an hau da shi. Mama Janet ce ta rufe tukunyarta ta shiga lungunan Mpape tana kiran mata. "Baba ya yi kuskure, mu je mu taimaki shi," haka take cewa. Matan coci da matan Islamiyya, matan leburori da masu sayar da itace, suka yi layi da bokitai a ka, safe da yamma. Farar ƙasar ta cinye masa tafin hannu har ya tsage yana jini, ya naɗe da tsumma ya ci gaba.

A mako na biyu aka busa usur, aka ce kowa ya sauka za a sa nakiya. Da ƙurar ta lafa suka hau, gefen gabas babu shi. Tuli huɗu sun tafi, har da wanda ya gama wankewa a jiya. Wani direban tifa mai suna Lukmanu, wanda ke cin abinci wurin Mama Janet, ya ce ya ga Baba a bakin ramin yana tsintar ɓaraguzan tukwane yana zubawa a hularsa, hawaye na bin gemunsa, ba ya ko sharewa. Bai zagi kowa ba. Da ya gama ya koma kan bokitinsa.

Ran da kwamiti ya dawo, duwatsun sun koma toka-toka, ko da yake har yau akwai farin a cikin tsagoginsu. Hajiya Sa'adiya ta riga ta buɗe ɗan rami a gefen tulin da ke gindin wata tsohuwar kaɗanya. A can ƙasa, ƙarƙashin ƙasar da ba a taɓa motsawa ba, ga tukunya, ga duwatsun wuya, ga ƙasusuwan mutum a naɗe kamar mai jin sanyi. Saiwar kaɗanyar, mai kaurin cinyar babban mutum, ta ratsa ta tsakanin duwatsun ta rungume tukunyar. Wannan ba aikin mako guda ba ne, ko makaho ya shafa ya sani. Dokta Nuraddeen ya tsuguna ya daɗe yana kallo, ya miƙe ya sa hannu a takarda a kan bayan wani daga cikin mutanensa. Aka tsayar da kamfani, aka zagaye sha ukun da suka rage da waya.

Hajiya ta samu ƙarin girma, kuma ta cancanta. Baba Yamusa ya samu takardar gargaɗi a fayil ɗinsa, saboda taɓa kayan tarihi ba da izini ba. A matakin da yake a ranar, a nan ya ajiye aiki. Bai taɓa kai ƙara ba, ya ce abin da aka rubuta gaskiya ne.

Baba Yamusa, kai ne mai gadin waɗanda ba su da dangi. Kai ne ka yi kuskure don ƙauna, ka kuma ɗauki kuskurenka a ka ka kai shi har ofis da ƙafarka, a garin da babba ke yin ɓarna ya ce a binciki masinja. An ba ka hanyar tsira ka ƙi, don kada a ɓata sunan talakawan da ba su ji ba ba su gani ba. Na zauna da masu digiri a wannan gari da ba za su iya furta "ni ne" ba ko an sa musu wuƙa. Kai ka faɗa, hula a hannu, a gaban direba da masu gadi. Ina jin kunyarka, Baba, kuma ina alfahari da na san ka.

An yi masa ɗan taron sallama a gindin tudu, rumfa ɗaya da kujerun roba. Aka ba shi agogon bango da takardar yabo, Mama Janet ta dafa shinkafa. Da aka ce ya yi magana, mun zaci godiya zai yi ya zauna. Sai ya miƙe ya dogara sandarsa ya ce:

"An ba ni sha bakwai, na mayar da sha uku. Huɗu sun tafi a hannuna. Ban san sunansu ba balle in nemi 'yan'uwansu. To ku da kuke nan, ku tsaya a madadinsu ku yafe mini."

Sai Lukmanu direba ya tashi daga baya. Ya ce, "Baba, kai fenti ka shafa. Ni na kwashe su. Da aka niƙa gefen nan ni na yi ta jigilar tsakuwar, na kai Gwarinpa, na kai Wuse, na kai Maitama. Duk an zuba ta a gini."

Ni a Gwarinpa nake zaune, kuma a shekarun nan aka gina gidan da nake haya. Da yawa cikin masu karanta wannan ma haka.

Saboda haka, jama'a, ga roƙona. Duk garin da ka fito akwai irin wannan wuri, wani kufai, wata tsohuwar ganuwa, wani tulin duwatsu da tsofaffi ke cewa a bi ta gefe. Galibi kuma akwai wani dattijo da ke kula da shi ba wanda ya san sunansa. Ku neme shi, ku gaishe shi, ku tsaya masa tun kafin a kafa turaku masu jan fenti. In kuma kun yi kuskure a bakin aikinku, ku ce ku ne, ku ɗauki soso.

Kai kuwa Baba, mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya ba gwiwar nan lafiya, ya sa ka gama da duniya lafiya. Sha ukun nan da suka rage, bayan Allah kai ne. Huɗun kuwa ka sauke su daga wuyanka, ka huta. Ba kai ka ci su ba. Mu muka nemi tsakuwa, kuma mu muke kwana a cikinsu.